AMFANIN WASA WAJEN GININ ƘASA

Darasi domin malamai, da iyaye, da samarin ƙasar Mashi

Garin Mashi yana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta nufi Daura, ƙasarsa kuwa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar ta wajen arewa. Mutanensa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Da damina ba mai sukunin wasa, gama kowa yana gona tun daga shuka har maimai. Amma in kaka ta yi, aka kai gero rumbu, aka cire gyaɗa, aka roro wake, sai gari ya sāke kama. Da la'asar sakaliya a kan ga yara sun cika filin makaranta suna buga ƙwallo, ƙura tana tashi. Da dare kuwa, in akwai farin wata, a kan ji kiɗa a dandali, samari suna gwada ƙarfi, 'yan mata suna gaɗa.

Sau da yawa dattijo ya kan tsaya a bakin fili ya girgiza kai ya ce, "Wasa dai wasa ne. Wa ya taɓa cika rumbu da ƙwallo?" Wannan magana ba ta raini ba ce, tambaya ce wadda ta cancanci amsa, gama ƙasar da ke neman abinci da magani da makarantu ba ta da lokacin ɓatawa.

Amsar kuwa ita ce, filin wasa makaranta ce. A cikinta yaro ya ke koyon abu uku waɗanda ƙasa ba ta tsayuwa sai da su: ya bi dokar da ta hau kansa ta hau kan abokin karawarsa daidai wa daida, ya sha kāye ba tare da ya ɗauki sanda ba, ya kuma haɗa kai da wanda ba ɗan gidansu ba. Wannan darasi zai nuna yadda haka ta auku a tarihin Nijeriya, da inda wasa ya kāsa, da kuma abin da ya rage ga mutanen Mashi su yi.

ƘASA MAI ƘURUCIYA

An haɗa Arewa da Kudu cikin 1914. Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, Nijeriya duka kuwa ran 1 ga Oktoba 1960. Jihar Katsina an ƙirƙiro ta cikin 1987. In an gwada waɗannan shekaru da daɗewar sarautar Daura ko ta Katsina, sai a ga Nijeriya yarinya ce ƙwarai. Har wa yau yarinya ce ta wata fuska, domin fiye da rabin mutanenta ba su kai shekara 20 da haihuwa ba.

To, ginin ƙasa ba shimfiɗa hanyoyi da tā da benaye kaɗai ba ne. Babban aikin shi ne mutane masu harsuna ɗaruruwa, da al'adu dabam dabam, su yarda su zauna ƙarƙashin doka ɗaya. Majalisa da kotu da zaɓe duk a kan tushe guda su ke: wanda aka kayar ya yarda an kayar da shi, ya koma ya yi shiri, wanda ya yi nasara kuma kada ya wulakanta ɗan'uwansa. Ba a haihuwar mutum da wannan hali, koyonsa a ke yi, kuma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

ABIN DA KAKANNI SUKA BARI

Kada a yi tsammani Turawa ne suka kawo wasa ƙasar Hausa. Tun kafin zuwansu akwai kokawa da dambe da langa da sukuwa da dara, Fulani kuma suna da sharo. Kowane ɗaya yana da dokokinsa, ko da ya ke ba a rubuce su ke ba.

A dubi kokawa. Samarin wannan ƙauye su kan tafi wancan ƙauye da makaɗansu, a sauke su, a ba su abinci da ruwa, sa'an nan a fita fage a kara. Da zarar bayan mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Wanda aka kayar ya kan tashi ya kaɗe jikinsa, a yi masa dariya, ya haɗiye, ya jira baɗi. Ba a bin baƙo da jifa don ya ka da ɗan gari, gama yin haka abin kunya ne ga garin duka.

Dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, ya fi kokawa zafi, amma shi ma yana da iyaka. Hannu ɗaya a ke naɗewa da kara, shi ne kamar mashi, ɗayan kuwa a buɗe, shi ne kamar garkuwa. A kan yi turmi uku. In wani ya kai ƙasa sai a ce an kashe shi, alhali kuwa yana nan da ransa, in kuma ba wanda ya faɗi sai a raba su a ce ba kisa. Watau kakanni sun ɗauki kalmomin yaƙi sun sa su cikin wasa, don zafin zuciyar samari ya sami mafita ba tare da an yi jana'iza ba. Shi ya sa har yanzu a ke tuna irin su Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa.

Langa kuwa ita ce ta fi koyar da haɗin kai. Kowa yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya riƙe ɗayar da hannu. Kowane ɓangare ya kan fid da mutum ɗaya a kira shi ruwa, sauran su kāre shi har ya kai wurin sha. Ƙato mai ƙarfi wanda ya bar ruwansa ya tafi neman suna shi kaɗai, shi ne ke jawo wa ɓangarensa kāye. Yaron da ya gane wannan ya gane rabin ilmin zaman jama'a.

Malamai kuma sun sani Musulunci bai hana motsa jiki ba. Ya tabbata an yi tseren dawaki a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma shi da kansa ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Abin da aka hana shi ne caca, da tsiraici, da barin salla ta wuce saboda wasa.

KWALEJIN KATSINA DA ƘWALLON DAWAKI

Cikin 1922 Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda daga baya aka mai da ita Kaduna, sa'an nan Zariya, inda a ke kiranta Barewa. An tattaro yara daga lardunan Arewa, waɗansu ko Hausa ba harshen gidansu ba ne. A nan Ahmadu Bello na Sakkwato ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci daga 1928 zuwa 1933. Kashim Ibrahim na Barno, da Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita duk 'ya'yan wannan makaranta ne.

Bayan an tashi daga aji, sai fili. A kan yi ƙwallon ƙafa da kurket da ƙwallon bango. Shi wannan na ƙarshe mutum biyu ne ke karawa da biyu, a ɗaki mai bango uku marar rufi, ana bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu. Ahmadu Bello ya gwanance a kansa har ya zama kyaftin, bai kuma bar shi ba har bayan ya zama Firimiya. Har yanzu wasan yana nan da ransa a Katsina da waɗansu biranen Arewa.

Abin lura a nan shi ne, yaron da ya zo daga Bida da wanda ya zo daga Barno ba su da dangantaka ta jini ko ta harshe. Amma wanda kuka yi shekara biyar kuna cin wasa tare, kuna shan kāye tare, ka san halinsa ciki da waje: ka san ko mai fushi ne, ko mai ha'inci ne, ko mai tsayawa ne sa'ad da abu ya yi tsanani. Sa'ad da aka zo kafa gwamnatin Jihar Arewa, da yawa daga cikin waɗanda suka zauna teburi guda sun riga sun san juna tun suna samari. Aji ya ba su ilmi, fili ya taimaka wajen ba su amincewa da juna.

Haka kuma a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, wasan ƙwallon dawaki, watau folo, ya kafu a Katsina. Mutanen da suka gāji hawan salla da sukuwa ba su sha wuyar koyonsa ba. Ɗansa, Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya kai daraja ta 7 a wasan da ƙarshen darajarsa 10 ce, sunansa ya kai ƙasashen waje. Ɗansa kuma, Janar Hassan Usman Katsina, ya bi sawunsa. Darasin da ke cikin wannan babba ne. A fada sarki ke yanke hukunci, amma a fili alƙalin wasa ke hura usur, dokar wasa kuwa ba ta san rawani ba. Talakan da ya ga babba ya tsai da dokinsa saboda usur, ya ga misalin abin da a ke nufi da mulkin doka.

SUNAN ƘASA A IDON DUNIYA

Kafin Nijeriya ta sami tuta, 'yan wasa ne suka fara kai sunanta waje. Cikin 1949 ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta shiga jirgin ruwa ta tafi Ingila, yawancin 'yan wasanta suna bugawa ba takalmi. Cikin 1952 Nijeriya ta fara shiga wasannin Olimfik. Cikin 1957 Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya zama zakaran duniya na damben Turawa a ajinsa, a birnin Faris. Dick Tiger ya bi bayansa cikin 1962, ya kuma kāre kambinsa a Badun cikin 1963. Cikin 1964, a Tokiyo, Nojim Maiyegun ya samo wa ƙasa lambarta ta farko ta Olimfik, ta tagulla, a dambe.

A cikin gida ma wasa ya yi aikinsa. An fara gasar Kofin Gwamna cikin 1945, kuma shekara takwas a jere ƙungiyoyin Ikko ne ke cinye shi. Cikin 1953 sai ƙungiyar Kano ta ɗauke shi, ita ce ta farko da ta fitar da shi daga Ikko. A tuna, cikin watan Mayu na wannan shekara aka yi tarzoma a Kano tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu, aka yi hasarar rayuka. Ke nan cikin shekara guda, gari guda ya ga hanya biyu ta gwada fifiko: ɗaya ta bar makoki, ɗaya ta kawo kofi.

INDA WASA YA KĀSA

Amma gaskiya ɗaya ce, ba daidai ba ne a ce wasa maganin kowace cuta ne. Misali biyu sun isa.

Cikin 1954, a wasannin ƙasashen renon Ingila da aka yi a Kanada, wani saurayi ɗan Nijeriya mai suna Emmanuel Ifeajuna ya yi tsallen ƙafa 6 da inci 8, ya ci lambar zinariya. Ƙasa duka ta yi murna, har aka buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta. Daga baya ya shiga soja ya kai muƙamin manjo. Ran 15 ga Janairu 1966 yana cikin shugabannin juyin mulkin da aka kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da Sardauna da waɗansu manyan ƙasa. Shi kansa an harbe shi a Inugu cikin 1967. Ƙafar da ta iya tsalle ba ita ce zuciyar da ta iya haƙuri da doka ba. Lamba ba ta gyara hali, tarbiyyar da ke tare da wasa ita ke gyarawa.

Misali na biyu daga Lima ne, babban birnin ƙasar Peru. Cikin watan Mayu 1964, ana wasa tsakanin Peru da Ajantina, alƙali ya soke wata ƙwallo da 'yan gida suka ci. 'Yan kallo suka harzuƙa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofofi suka tarar da su a rufe. Mutum fiye da 300 suka mutu. Asalin abin duka, ƙin yarda da hukuncin mutum guda mai usur.

Saboda haka wasa kamar wuta ya ke: a murhu ta dafa tuwo, a jinka ta ƙone gida. Ba yawan wasa ne abin nema ba, irin wasan da a ke yi, da irin mutanen da ke kula da shi.

ƊINKIN ƁARAKA

An yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Da aka ajiye makamai, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi hanyoyin da samari za su sāke haɗuwa. Cikin 1973 Ikko ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na biyu, cikin shekarar kuma aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa, inda kowace jiha ke aiko da 'ya'yanta. Daga baya aka shigar da kokawa da dambe da langa cikinsa, watau wasan dandalin ƙauye ya zama wasan ƙasa.

Ran 22 ga Maris 1980, shekara goma da ƙare yaƙi, Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Ikko, ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Christian Chukwu, ɗan wasan Rangers ta Inugu ne, ƙungiyar da aka kafa a kan tokar yaƙi cikin 1970. Wanda ya miƙa masa kofin kuwa Shugaba Shehu Shagari ne, mutumin Sakkwato. Ba jawabin da zai faɗi abin da wannan miƙa hannu ya faɗa.

Cikin 1985, sa'ad da marigayi Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya ke shugabancin ƙasa, yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci Jamus ta Yamma 2 da nema a ƙasar Sin, suka zama zakarun duniya. Cikin 1996 kuma, a wasannin Olimfik na Atlanta ta Amurka, Birazil tana gaba da ci 3 da 1, amma aka tashi Nijeriya tana da 4, Birazil 3, sa'an nan aka ci Ajantina 3 da 2 aka ɗauki zinariyar Olimfik. A cikin ƙungiyar akwai Nwankwo Kanu na Owerri, akwai Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi, 'ya'yan Kaduna. A daren nan ba wanda ya tambayi addinin wanda ya ba da ƙwallo ko ƙabilar wanda ya ci. A wannan taro ne kuma Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta ci zinariya a dogon tsalle.

Mutanen Mashi ba sa bukatar tafiya nesa su ga irin wannan, gama maƙwabtansu na Nijar sun yi shi da kokawa. Cikin 1975, zamanin Seyni Kunce, aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya zama zakara na farko. Tun daga nan gasar ta ke zagaya jihohi, kowace jiha ta aiko da gwanayenta, wanda ya ka da kowa a ba shi takobi. Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu duk su kan kasa kunne ga rediyo guda. Ba su aro wasan kowa ba, abin da ke dandalinsu suka ɗaukaka.

HALIN DA A KE CIKI

Yau son ƙwallo ya game ƙasa fiye da kowane zamani. Katsina tana da babban filin wasa mai sunan Muhammadu Dikko. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa cikin 2008, da kuma sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ahmed Musa, wanda ya bugo mata, ya ci ƙwallo biyu biyu a gasar Kofin Duniya ta 2014 da ta 2018. Amma akwai abu uku da ya kamata a yi hattara da su.

Na farko, kallo ya fara rinjayar yi. Saurayi ya kan biya kuɗi ya zauna a gidan kallo ya san sunan kowane ɗan wasan Ingila da Sifen, har ya yi gaba da abokinsa saboda ƙungiyar garin da bai taɓa gani ba, alhali shi kansa bai yi gudun minti goma ba cikin mako. Mai kallo ba ya samun lafiyar wasa, ba ya samun tarbiyyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami motsa jiki na minti 60 kowace rana.

Na biyu, caca ta shigo ta wayar hannu, ta sa rigar wasa. Wanda ya zuba kuɗinsa a kan wasa ba ya iya shan kāye da dariya.

Na uku, filaye suna ƙarewa. Gari yana faɗaɗa, ana yanka fuloti, filin da yara ke wasa jiya yau an kafa masa harsashi. Yaron da ba shi da fili ba ya daina neman abin yi, sai dai ya same shi a lungu, inda masu sayar da ƙwaya ke jiransa. A wannan zamani da waɗansu sassan jiha suka sha wahalar 'yan bindiga, ba ƙaramin abu ba ne a san inda kowane saurayi ya ke tsakanin la'asar da magariba.

AIKIN DA KE KAN KOWA

Hakimi da dagatai da masu unguwa, su ne iyayen ƙasa. Ya kamata kowane gari ya keɓe fili, a shaida iyakarsa a gaban jama'a, a rubuta, a dasa itatuwa kewaye da shi. Filin ƙwallo mai tsawon mita 100 da faɗin mita 64 bai wuce eka biyu ba har da wurin 'yan kallo. In an bari sai gari ya cika, ko da kuɗi ba za a samu ba.

Ƙaramar hukuma ta shirya gasa tsakanin gundumomi da rani, Mashi ta je Majigiri, Tamilo ta karɓi Doguru, Sonkaya ta zo Mashi, daga nan a kara da Mani da Dutsi da Daura. Kada a tsaya ga ƙwallo kaɗai, a sa kokawa da langa da guje-guje, gama ba sa cin kuɗi. Abin da ya fi kofi muhimmanci shi ne a horar da alƙalan wasa, a kuma tsaya musu. Ƙungiyar da ta taɓa alƙali a fitar da ita, ko ta ɗan wane ce.

Malaman makaranta kada su mai da lokacin wasa lokacin hutunsu. Su fita tare da yara, su gauraya ƙungiyoyi don kada unguwa ta ware, su bar yara su zaɓi kyaftin da kansu. Kada a rage wa yaro shekaru don a ci gasa, gama malamin da ya yi haka ya koya wa yara talatin cewa ƙarya tana biya. Makarantun 'yan mata su ma a ba su wuri mai shinge, da malama mace, da sutura ta mutunci, domin lafiyar uwa ita ce lafiyar gida.

Iyaye su bar yaro ya yi wasa in ya gama karatu da aikin gida, su kuma tambaye shi ba ko ya ci kaɗai ba, har da yadda ya yi da aka ci shi. Su sani cikin dubban yara kaɗan ne ƙwarai za su ci abinci da ƙwallo, saboda haka ba a barin makaranta ko sana'a dominta.

Attajirai da 'yan siyasa masu ba da riguna da kofi, Allah ya sāka musu, amma kada fili ya zama wurin rabuwar jam'iyya.

Samari kuwa, nasu ya fi na kowa: su zo kan lokaci, su tsaya in an kira salla, su karɓi baƙi da mutunci, su yi musafaha bayan an tashi.

KAMMALAWA

Dattijon nan ya yi gaskiya, ƙwallo ba ta cika rumbu. Amma rumbu ba ya tsira a garin da ba a bin doka, kuma gona ba ta nomuwa da hannun da ƙwaya ta kashe. Yaron da ya yarda da usur yau a filin Mashi, shi ne gobe zai yarda da hukuncin alƙali da sakamakon zaɓe, in kuma ya zama shi ne mai hukunci, zai tuna zafin zalunci ya yi adalci. Manyan filaye na Abuja da Ikko suna nuna abin da ƙasa ta girba, amma a ƙananan filaye irin na Mashi a ke shuka shi.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne halaye uku ne yaro ke koya a filin wasa, kuma ina a ke bukatarsu a zaman ƙasa?

2. Me labarin Emmanuel Ifeajuna ya nuna game da bambancin gwaninta da tarbiyya?

3. Don me mutanen Nijar suka zaɓi kokawa ta zama wasan ƙasarsu?

4. Akwai filin wasa a garinku? Wa ke da shi, kuma wa ya shaida iyakarsa?